Daga Matamaye zuwa Kan Dutse: Yadda Ake Shirya Tafiyar Kallo

Mu mutanen Matamaye 'yan rairayi ne. Ƙasarmu jigawa ce da fadama, gero a tudu, rake da kayan lambu a kwari. Abin da yaro ke tashi yana ɗaga kai ya kalla bai wuce gawo da kuka ba, sai hasumiyar masallaci da dogon ƙarfen kamfanin waya. Shi ya sa duk ɗan garin nan da ya taɓa hawa dutse ya leƙo gari daga sama, ya ga shaho na shawagi a ƙasa da ƙafarsa, ba ya gajiya da ba da labarin.

Ni karon farko da na shirya irin wannan tafiya da kaina, asara na tafka. A watan Janairu na ɗauki ƙanena muka nufi Kano, na cika shi da labarin Dutsen Dala tun daga tasha. Muka hau muna haki, muka tsaya a sama, ba abin da ke gabanmu sai wani farin labule. Rufin gidajen da ke gindin dutsen kaɗai muke iya gani. Yaron ya dube ni ya ce, "Yaya, wannan ne Kanon?" Ban ce masa komai ba, na dai saya masa tsire da muka sauko. Tun ranar na gane cewa mai zuwa kallo daga kan dutse, iska mai haske yake biya wa kuɗin mota. Dutsen yana nan kullum, iskar ce ke da lokacinta.

Wata da sa'a

Akwai ɗan lissafi da ya kamata ka riƙe. Mutum in yana tsaye a shimfiɗaɗɗen fili, iyakar abin da idonsa ke kaiwa a ƙasa bai cika kilomita 5 ba, saboda lanƙwasar duniya. In ya hau tudu mai tsawon mita 25, sai ganin ya miƙe ya kai wajen kilomita 18. In mita 50 ne, kusan 25. Ka ga ashe ba sai dutse ya taɓo gajimare ba. Amma fa lissafin nan na ranar da sama ta washe ne. Ranar da hazo ya yi kauri, ko kilomita 1 ba ka gani, ko da kan me ka hau.

Hazon nan ba daga gonar maƙwabcinka ya taso ba. Akasarinsa ƙura ce da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, ta biyo da ita ta kan Damagaram da Kano. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da jiki ya fi jin daɗin tafiya saboda sanyi, lokacin ne kuma ido ya fi cutuwa. Nan mutane da yawa ke ruɗuwa, kamar yadda na ruɗu. Ana samun ranakun da buji ke lafawa a tsakani, amma ba abin da za ka ɗora kuɗinka a kai ba ne tun mako guda kafin tafiya.

Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40, dutse ya koma tanda. Da hantsi ma ba ka iya dafa shi da tafin hannu. Damina na wanke sama tas, sai dai dutse na santsi, ga tsawa, wadda ba ta da abin so kamar wuri mai tudu da mutum a tsaye a kansa. Abin da ya rage shi ne kaka: daga ƙarshen Satumba, Oktoba gaba ɗayansa, zuwa farkon Nuwamba. Ruwa ya ɗauke ko yana gab da ɗaukewa, ƙura ba ta taso ba, tabkuna cike, daji kore yana juyawa ruwan ɗorawa, dammunan gero jere a gonaki. A ganina duk shekara babu kamar wannan ɗan tsakanin. Aibinsa biyu ne: akwai sauran zafi, kuma ƙarangiya ta nuna, za ta yi maka ado a ƙafar wando.

Sa'a ma biyu ce. Ko ka hau bayan sallar asuba gari na wayewa, ka sauko kafin ƙarfe 9, ko ka yi la'asar a ƙasa ka hau, ka sauko da sauran haske. A Oktoba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, kuma a ƙasarmu duhu ba ya jira. Minti 20 bayan faɗuwarta ka daina ganin inda za ka sa ƙafa. Tsofaffi kan ce kada a zauna kan dutse da tsakar rana ko da almuru, wai lokacin masu wurin ne. Ko ka yarda da zancen iskoki ko ba ka yarda ba, shawarar ta yi daidai da ta likita.

Damagaram, tafiyar yini guda

Wanda bai taɓa hawa ba, ya fara da Zindar. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba: ka bi ta Kance, ka fita Takeita inda hanyarmu ta haɗu da babban titin da ya taso daga Yamai, ka karya gabas. Ba iyaka, ba canjin kuɗi, katin shaidarka kawai za ka riƙe saboda shingen jandarma. Ka je tasha tun jajibiri ka tambayi ɗan kamasho kuɗin mota da lokacin da ta farko ke tashi, don motar haya ba agogo take bi ba, cikarta take jira. Ranar Juma'a kasuwar Matamaye ke ci, motoci na yawa, amma cunkoso da kaya ma haka. In so samu ne ka kwana a Zindar wurin dangi, ka yi hawan safe. In yini guda gare ka, ka tashi da safe, ka zaga gari, ka huta da rana, ka yi hawan la'asar, amma ka sani motar dawowa ta dare ce, ni kuwa ba na ba kowa shawarar tafiyar dare.

Kafin ka shiga gari za ka wuce Tirmini. Ka ɗan leƙa ta taga. A nan ne dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojan Faransa a watan Yuli na 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Kazamaju a Zindar. Daga nan Faransawa suka shiga birnin, suka gina barikinsu a kan duwatsu, inda za su riƙa kallon fada da kasuwa daga sama. Su ma sun san amfanin tudu. Zindar ce ta zama hedikwatar mulkinsu daga 1911, har aka mayar da ita Yamai a 1926.

Wannan tsohon bariki wurin soja ne. Kada ka nufe shi, kada ka ɗaga waya ta wajensa, ko da kuwa bayanka ne ya juya gare shi kana ɗaukar hoton kanka. A halin da ƙasa ke ciki, hoto ɗaya na iya sa ka yini kana amsa tambayoyi. Ɗan ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama kuwa, in ba ka da takardar izini daga hukuma, bar shi a gida.

Duwatsun da kake nema suna cikin unguwar Birni da gefenta. Manyan curarrun duwatsu ne masu sulɓi, wani kan wani, kamar an tara ƙwai, gidajen ƙasa sun kutsa tsakaninsu, wani gidan ma dutsen ne bangonsa na baya. Saboda haka ba daji za ka shiga ba, unguwar mutane ce, kuma da sallama ake shiga. Ka fara da ƙofar fada, ka gai da dogarai. "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Matamaye, muna so mu ga gari daga kan dutse, ko akwai wanda zai raka mu?" Wannan 'yar magana ta fi takarda aiki. In ba ta nan ka bi ba, ka nemi dattijon da ke zaune a ƙofar gida mafi kusa: "Baba, ta ina ake hawa?" Shi zai nuna maka dutsen da ake hawa da wanda ba a hawa, sau da yawa ma ya kira jikansa ya sa shi gabanka. Yaran unguwa sun san kowace matattaka da kowane kogo mai rina. Ka zaɓi ɗaya, ku yi magana kan abin da za ka ba shi tun a ƙasa, don in ka bari sai an sauko, goma za ka tarar kowa na cewa shi ya raka ka.

Daga sama za ka ga soraye sun shimfiɗu, shanya a kan rufi, fadar Sarki da babban masallacin da ke kallonta, da guntayen ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye birnin da ita, shi da ya yi mulki har 1884. Ta arewa ga Zango, unguwar fatake, inda ayarin raƙuma daga Agadas da ƙasashen Larabawa kan sauka a da. In ka zauna shiru za ka ji garin kafin ka gama ganinsa: sautin daka daga gidaje uku ko huɗu, ba a tare ba, karatun allo, kukan jaki, ƙarar kabu-kabu can nesa kamar ƙuda. Ka dafa dutsen da kake zaune a kai. Shi ne dalilin da ya sa Zindar ta daɗe tana fama da ƙishirwa, don garin a kan fa yake zaune, rijiya ba ta nisa take cin karo da shi, sai daga wajen gari ake jawo ruwa. Saboda haka kada ka shiga gidan mutane kana neman ruwan wanke ƙafa kamar kana bakin fadamar garinku.

Kano, ga mai kwana biyu

Hanyar Dala ta kudu ce: Ɗan Barto, ka tsallaka Kwangwalam, ka wuce Daura da Kazaure, sai Kano. Agogo ɗaya muke da Najeriya, ba sai ka taɓa shi ba. Abin da ke canzawa shi ne dokar iyaka. An rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Don haka kada ka dogara da labarin wanda ya je bara. Direbobin da ke bin hanyar kullum su suka fi kowa sanin takardar da ake tambaya a makon nan. Ka riƙe katin shaida ko fasfo, da katin rigakafin shawara in kana da shi. Ka canza sefarka wurin ɗan canjin da aka sani, ka ƙirga nairar a gabansa, ka raba ta aljihu biyu. Layin wayarka na iya yin shiru da ka tsallaka, to ka rubuta lambar mai masaukinka a takarda.

Za ka ji ana cewa Dala mita 534 ne. Kada gabanka ya faɗi, daga bakin teku aka fara ƙirgar, kuma Kano kanta a kan tudu take. Abin da za ka hau da ƙafarka matakala ce ta siminti, guda 101, wadda mai lafiya ke gamawa cikin 'yan mintoci, dattijo kuma ya huta sau biyu ko uku. Dutsen ba irin na Zindar ba ne. Jar marmara ce, samansa a baje kamar faifai, gefensa na zaizayewa. Bakin ganga na iya marmashewa ƙarƙashin ƙafa, saboda haka ka bar taku uku tsakaninka da shi, yara kuma a riƙe hannunsu.

A nan sa'a ta fi muhimmanci, don Dala na arewa maso yammacin tsohon birni. Kasuwar Kurmi, babban masallacin Juma'a da Gidan Rumfa duk suna ta kudu maso gabas. Da safe rana na cikin idonka in ka juya wajensu. Da la'asar tana bayanka, sai ta haska maka su ɗaya bayan ɗaya. Mai hawan safe kuwa Goron Dutse zai fi gani da kyau, ta yamma. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau nan a Fabrairun 1851, kuma hoton Kano da aka buga a littafinsa daga kan Dala aka zana shi. Shi ma daga baya ya sauka a Zindar, a ƙarshen 1852. Tun kafinsa da ƙarnuka masu yawa akwai mutane a wurin: masu binciken tarihi sun samu alamun narkar da tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7, kuma a nan labarin Barbushe da Tsumburbura ya faru, kamar yadda tarihin Kano ya kawo.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa maka: wurin bai samu kulawar da ta dace da sunansa ba. Za ka ga leda da shara, wani lokacin ka tarar da samari zaune a lungu waɗanda ba kallo ya kawo su ba. Ka je da ɗan gari, ku kasance ku uku ko fiye, kada ka kai magariba.

Akwai masu cewa in dutse ake so a tafi Azbin. Gaskiyarsu. Can ne Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu mafi tsawo a Nijar, ga lambunan Timiya a tsakanin duwatsu. Amma wannan ba yawon ƙarshen mako ba ne. Daga Zindar zuwa Agadas kaɗai, ta Tanut da Adarbisanat, ya haura kilomita 400, daga can kuma sai da mota mai ƙarfi, da ɗan jagora Buzu wanda ya san hanya, da sanin hukuma, da labarin tsaro na ranar. Wanda bai gwada ƙafarsa a Birni da Dala ba, ya dakata tukuna.

Abin da za ka ɗauka, da yadda za ka taka

Takalmi ne farko. Silifa ba ta hawa dutse, takalmin fata mai sulɓin ƙasa ya fi ta haɗari. Kambas mai igiya ko takalmin roba mai kama ƙafa, wanda ka saba da shi, shi ne daidai. Sabo fil zai yi maka kanta kafin ka kai rabi. Babbar riga ta zauna a gida, iska na shiga cikinta ta yi maka tuta. Mata su sa wando a ƙarƙashin zane, hijabin kuma kada ya zama mai jan ƙasa, don taka bakin hijabi a kan matakala ya kayar da mata da yawa fiye da santsi. Hula malafa ta fi kowace hula amfani a nan.

Ruwa lita 2 ga kowane mutum, ban da na alwala. Ka zuba a gora mai marfi, ka sa a jakar goyo, hannuwanka biyu su zama a sake. Guzuri mai sauƙi: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, da 'yan gaɓoɓin rakenmu in ya fara shigowa kasuwa. Fura na tsami a rana, tuwo kuma na sa nauyin jiki. Ka haɗa da ƙullin gishiri da sukari, da ɗan bandeji, da tocila ko da ba ka yi niyyar kai dare ba. A kuɗi, bayan na mota zuwa da dawowa da na abinci, ka ware wasu jikkuna da ba za ka taɓa ba sai mota ta lalace ko kwana ya kama ka. Mai hawan jini, mai asma da mace mai tsohon ciki su nemi shawarar likita kafin su sa rana.

Wajen hawa, a hankali. Inda ya yi tsaye, ka sa hannu, kada ka ɗaga ƙafa sai sauran gaɓoɓi uku sun kama. Kada ka zura hannu cikin tsaguwar da ba ka ga cikinta ba, nan kunama da maciji ke fakewa. In ka ji gunjin zuma, ka ja da baya shiru, ban da gudu, ban da jifa. In wani ya ce kansa na juyawa, ko ya daina gumi alhali rana na dukansa, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, tafiya ta ƙare ke nan. In kuma sauran damina ce ka hangi hadari ya haɗo daga gabas, kada ka tsaya ɗaukar hotonsa, sauka.

Saukowa ta fi hawa kayar da mutane. Gwiwa ta gaji, hankali ya koma gida, ana hira. Ka sauko a karkace, gefen ƙafa na gaba, inda ya yi sulɓi ka zauna ka ja gindi, ba abin kunya ba ne. Mushen da ya kwaso 'yan lakwal ya karɓi yardar iyaye a rubuce, ya sa babba ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya ƙirga yaran a ƙasa, ya ƙirga a sama, ya sake ƙirgawa a bakin mota.

Saura abin da na fi so ka riƙe, don shi ne baƙi suka fi tuntuɓe da shi. Katangar gidan Bahaushe an gina ta ne don ta tare idon mai tafiya a ƙasa. Wanda ya hau dutse ya tsallake ta ba da izini ba. Tsakar gida za ka gani a buɗe: mace na daka da ɗaurin ƙirji, wata na yi wa yaro wanka, ga makewayi ba rufi. Na taɓa ganin wani baƙo a Birni ya saita wayarsa ƙasa yana jawo hoto kusa, sai ga muryar wata tsohuwa daga cikin gida, "Kai ɗan nan, gidan ubanka haka ake leƙa shi?" Kafin ya sauko maza uku na jiransa a gindin dutsen, sai da dattijan unguwa suka sa baki, ya goge hotunan a gabansu. Ka ɗaga idonka da wayarka sama da rufin gidaje, ka kalli nesa. Kada ka rubuta sunanka a jikin dutse, kada ka gangaro da tsakuwa don wasa, akwai rufin wani a ƙasa. Ledar ruwan da ka sha ka mayar da ita jaka.

In Allah ya kai mu kaka, ka hau duwatsun Birni da sassafe, ka juya kudu maso yamma, can Matamaye take. Ba za ka hango ta ba, nisan ya fi ƙarfin tsawon dutsen. Ka dai gaya wa mutanen gida tun kafin ka fito inda za ka da lokacin da za su sa ran dawowarka.